Rumbun Ƙarfe a Cikin Jikinmu

'Yan'uwa manoma, akwai ƙarfe kamar giram 3 zuwa 4 a jikin babban mutum. Mafi yawansa yana cikin jini, shi ke kai iska ko'ina a jiki. Ragowar kuwa, jiki yakan zuba shi a wani rumbu da likitoci ke kira feritin, a hanta da saifa da ɓargo. Dole a rufe shi haka, gama ƙarfen da ke yawo sake yana ɓata hanta.

In abinci ya gaza, daga rumbun nan jiki ke ɗiba. Abin tsoron shi ne, rumbu yakan ƙare sarai ba mu sani ba. Sai daga baya gajiya da haki su zo, cikin ido ya yi fari. Mata masu ciki sun fi kowa shiga hatsarin nan, da masu shiga gona ba takalmi, gama tsutsar da ke shiga ta ƙafa jini take sha a hanji.

Mu riƙa cin hanta, kifi, wake da zogale, mu haɗa da lemun tsami ko gwaiba. Shayi kuwa, mu bar shi sai awa ɗaya bayan abinci, gama yana hana ƙarfe shiga jini.