Yadda Cocin 'Yan'uwa Ya Taso Daga Yankin Mubi Har Ya Kafu A Biranen Kudu

Da yawa daga cikinmu mazauna Legas da Fatakwal mun sha jin waƙar coci da Hausa tana tashi daga wata rumfar kwano ranar Lahadi, sai mutum ya tsaya yana tambaya, su wane ne waɗannan? Ni da na taso a Lamorde, cikin Mubi ta Kudu a jihar Adamawa, na san su tun ina yaro, don haka bari in yi muku bayani. Idan ka ga an rubuta EYN a jikin allon, to Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ke nan, hedkwatarsu kuma tana Kwarhi, kusa da Mubi.

Asalin cocin daga Jamus yake, a shekarar 1708, daga baya mabiyansa suka yi hijira zuwa Amurka. Su da Menonayit dangin juna ne a aƙida. Ba sa yi wa jariri baftisma sai mutum ya girma ya zaɓa da kansa, kuma koyarwarsu ta hana ɗaukar makami da ramuwar gayya. Su Menonayit ɗin ma suna da nasu cocin a Nijeriya, a jihar Akwa Ibom, amma a Arewa 'Yan'uwa ne suka yi rassa. Turawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, su suka fara sujada a gindin wata tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923. A 1972 cocin ya koma hannun 'yan ƙasa, a 2023 kuma ya yi bikin cika shekara 100.

To ta yaya cocin Bura da Margi da Kilba da Kamwe ya iso kudu? Amsar ita ce, ta hanyar da zangonmu ya iso. Wani ya zo neman abinci, ko gadi, ko acaɓa, ko an turo shi aikin soja ko ɗan sanda. Ya samu ɗaki, ya kira ƙaninsa. Ranar Lahadi su shiga cocin da ake Yarbanci ko Turanci, su fito ba su ƙoshi ba. Sai su fara taruwa a ɗakin ɗayansu. Da yake kowa da yarensa, Hausa ce ke haɗa su, da ita suke waƙa, da ita suke karanta Littafi Mai Tsarki.

Idan ɗaki ya yi kaɗan sai a kama hayar ajin makaranta ko a kafa rumfa. A wannan mataki reshe ne kawai, yana ƙarƙashin wani babban coci. Sai jama'a sun yi yawa, suna iya riƙe fasto da kuɗin baikonsu, sannan a ba su cin gashin kai, abin da suke kira LCC. Irin waɗannan da yawa su ke haɗuwa su zama gunduma, wato DCC. Mata kuwa su ne ƙashin bayan tafiyar. Zumuntar mata ce ke fita da ganga da tulu, ita ke zuwa gaisuwar haihuwa da ta rasuwa, ita ke tara gudummawa idan wani ya kwanta asibiti. Ka ga dai aikin da ƙungiyoyinmu na zango ke yi ke nan.

Abin da ya ƙara tura su nesa da gida shi ne bala'in Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan cocin ne. Ranar 29 ga Oktoban shekarar aka kama Mubi da Kwarhi, hedkwatar ta koma Jos na wani lokaci. Musulmi da Kirista tare suka gudu, wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu Yola. Masallatan Mubi ma ba su tsira ba, an tayar da bam a Nuwamban 2017 da kuma Mayun 2018. Duk da wannan, shugabannin cocin ba su sauya koyarwarsu ta ƙin ramuwa ba. A 2016 Menonayit na Jamus suka ba EYN lambar yabo ta zaman lafiya tare da CAMPI, ƙungiyar Kirista da Musulmi da ke aikin sulhu a Mubi.

Dalilin da ya sa na ga ya dace mu san wannan shi ne, a nan kudu duk wanda ya fito daga Arewa sunansa Bahaushe. Ranar da rikici ya tashi, kamar na Mile 12 a 2016 ko na Shasha a Ibadan a 2021, babu mai tsayawa ya tambaye ka addininka. Shawarata ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni, idan za a yi zama kan tsaro, ko rabon rumfuna, ko kai gawa gida, a aika wa dattawan wannan cocin goron gayyata. Su ma su riƙa zuwa idan an kira, mutanen gida ne.