Na'urorin jirgin ruwa: wanne ya kamata mai fito ya fara saya?

A ƙasar Kurfai babu kogi. Filinge, babban garinta, tana zaune a cikin Dallol Bosso, tsohon kwarin da ruwa ya daina gudu a cikinsa tun shekaru dubbai, wanda ya gangaro daga Azawak ya je ya haɗu da kogin Isa a Bumba. Duk da haka jirgin ruwa ya shiga rayuwar Kurfayawa sosai. Matashin da ya gama girbin hatsi ya ɗauki jakarsa zuwa cin rani a Kwatano ko Lome, tilas ya ƙetare kogi a Gaya. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, matafiya da kayansu suka koma hannun masu fito. Mutumin da bai taɓa koyon iyo ba yana damƙa ransa ga matuƙin da bai sani ba, saboda haka yana da haƙƙin ya san abin da ke cikin jirgin.

A kasuwannin duniya akwai na'urori iri-iri na tuƙin jirgi, amma yawancinsu don teku aka ƙera su. Rada, mai gano abu daga nesa cikin duhu, da na'urar AIS mai sanar da sauran jirage inda jirgi yake, wadda dokar duniya ta wajabta wa jiragen da suka kai tan 300 masu tafiya tsakanin ƙasashe, ba su da wani amfani a jirgin katako mai injin baya. Haɗarin kogin Isa daban yake: tudun yashi da ke ƙaura kowace shekara, duwatsu a ƙarƙashin ruwa tsakanin Ayoru da Tilaberi, dorina, da iskar hadarin damina mai tasowa ba sallama.

Ruwan ma ba ya zama wuri ɗaya. A Yamai kogin yana cika sau biyu a shekara: jan ruwa na damina a Agusta da Satumba, sai baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gine wajen Disamba da Janairu, bayan ya yi jinkiri a fadamun Mali. Daga nan sai ya yi ta janyewa har Yuni. A 1985 ya kai ga daina gudu a Yamai, a Satumban 2020 kuwa ya kai santimita 700 a ma'aunin birnin, ya shiga unguwanni. Hanyar da jirgi ya bi lafiya a Janairu tana iya zama yashi a Afrilu.

Wannan ne ya sa na'urar auna zurfi ta fi kowace dacewa da wannan kogi. Aikinta mai sauƙin ganewa ne. Ana liƙa wani ɗan kai a gindin jirgi, yana aika sauti zuwa ƙasan ruwa, sautin ya bugi yashi ko dutse ya dawo. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, don haka idan zurfin mita 3 ne, zuwa da dawowa ba ya wuce kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa. Na'urar tana lissafa wannan lokaci ta nuna zurfin a allo, wasu har ƙara suke yi idan ruwa ya yi ƙasa da abin da aka saita. Bajamushe Alexander Behm ya yi rajistar irin wannan fasaha a 1913, shekara guda bayan nutsewar Titanic. A yau akwai ƙananan da ke aiki da batir mai bolt 12, wanda ƙaramin farantin sola zai iya cikawa. Sai dai dole matuƙi ya san iyakarta: abin da ke ƙarƙashinsa take gani, ba ta ganin abin da ke gabansa. Idan yana tsala gudu, kafin lambar ta canza ya riga ya hau dutsen. Gorar da Sarkawa ke caka wa ruwa a goshin jirgi tana nan da aikinta.

GPS kuwa kusan kowa yana da ita a aljihu. Taurarin ɗan'adam na Amurka, da ke kewaya duniya a nisan kilomita 20,200, suna aiko da sigina, wayar da ta kama huɗu daga cikinsu za ta san inda take da kuskuren mita kaɗan. Wayoyin zamani suna kama na Turai da Rasha da Sin ma, kuma wannan aiki ba ya bukatar rezo. Matsalar tana ga taswira, domin taswirar waya tana nuna gaɓar kogi amma ba ta nuna zurfi. Dabarar da ta fi ita ce matuƙi ya bi hanyarsa da rana, ya bar na'urar ta zana sawunsa, ya sa alama a kan kowane dutse da kututture, ya kuma sake zanen duk lokacin da ruwa ya sauka ko ya hau. Ranar da hazon hunturu ya rufe gaɓa, wannan sawu ne zai kai shi tasha.

Sai hanyar neman agaji. Rediyon hannu na ruwa, irin oba-oba, yana da tasha ta 16 da aka ware don kiran gaggawa a duk duniya, amma kilomita kaɗan yake kaiwa, kuma kira ba ya amfani idan babu mai saurare a tudu. Ƙungiyar masu fito ce ya kamata ta saya, ta ajiye ɗaya a hannun sarkin ruwa, bayan ta nemi izini daga hukumar sadarwa ta ARCEP da jami'an tsaro, musamman a jihar Tilaberi inda ake cikin dokar ta-ɓaci. Duk abin da za a saya, a duba alamar IPX7 a jikinsa, wadda ke nufin zai jure minti 30 a cikin ruwa mai zurfin mita 1. Kada kuma a raina fitilu: ja a hagu, kore a dama, fari a baya.

Akwai abin da babu na'urar da ke gyarawa. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya kife kusa da Wara a jihar Kebbi, mafi yawansu suka rasu, hukumomi kuma suka ɗora laifin a kan lodin da ya wuce ƙima. Don haka idan kuɗin mai jirgi kaɗan ne, ya fara da rigunan ruwa da fitilu, sannan ma'aunin zurfi, sannan jakar da ke kare waya daga jiƙa. Shi kuma ɗan Kurfai da ya isa bakin kogi, ya dubi gefen jirgin kafin ya biya kuɗin fito. Idan buhuna da babura sun danne shi har ruwa ya kusa kai bakinsa, ya jira na gaba.