YADDA A KE HUTUN ƘARSHEN MAKO A ZAMALEK TA MASAR

Jama'a, a wannan fitowa za mu kai ku Masar. Fatakenmu da ɗalibanmu na Azhar sun sha ba ku labarin kasuwanni da masallatai na birnin Alƙahira. Mu kuwa yau labarin hutu za mu yi, watau yadda magidanci ya ke cin ƙarshen mako da iyalinsa a wata unguwa da a ke kira Zamalek.

Ita Zamalek a kan tsibiri ta ke, tsakiyar kogin Nilu. Ta gada a ke shigarta, ko ta jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. Unguwar masu hali ce da ofisoshin jakadu. A tsibirin ne Sarkin Masar Isma'ila ya gina fada saboda baƙin bikin buɗe mashigin Suwez cikin 1869, yanzu kuwa ta zama otal. Nan kuma hasumiyar Alƙahira ta ke, wadda aka gama cikin 1961, tsawonta ƙafa 614.

Hutun Masarawa ba Asabar da Lahadi ba ne irin na Gana, Jumma'a da Asabar ne. Ran Jumma'a da safe titin da ya saba cika da motoci sai ya yi tsit. A kan karya kumallo da dafaffen wake, su na ce masa ful, da ta'amiya, wadda in ka gani sai ka rantse ƙanwar ƙosai ce. In an sauko daga masallaci, 'ya'ya da jikoki su kan taru a gidan tsofaffi a ci abincin rana tare. Da la'asar sai a fita shan iska bakin kogi, ko a kai yara lambun kifi, ko kulob.

Babban kulob na tsibirin shi ne Gezira, wanda aka kafa cikin 1882, zamanin da Ingilishi suka shiga ƙasar. Da fari na hafsoshi ne da manyan mutane. Bayan juyin mulki na 1952 aka yanki wani sashe na filinsa aka mayar wurin wasan samari, don ɗan talaka shi ma ya sami inda zai motsa jini. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Cikin wasannin da su ke so akwai ƙwallon kwando. Ga wanda bai san shi ba, mutum biyar ne ke karawa da biyar, kowane ɓangare na neman jefa ƙwallo cikin zobe mai raga da aka rataye ƙafa 10 daga ƙasa. Wani malami, James Naismith, ya ƙago shi a Amurka cikin 1891, don ɗalibansa su sami abin yi lokacin sanyi. Tun daga nan wasan bai rabu da makaranta ba, har jami'o'in can su kan ɗauke wa yaro kuɗin karatu in ya iya shi.

Masarawa sun daɗe a ciki, don cikin 1949 an yi gasar ƙasashen Turai a Alƙahira, su suka cinye. Kulob ɗin da ke ɗauke da sunan Zamalek, wanda aka kafa cikin 1911, ko da ya ke gidansa na hayin kogi ne wajen Giza, shi ya ɗauki kofin farko na sabuwar gasar kulob-kulob ta Afirka a Kigali cikin 2021, ya ci Monastir ta Tunisiya 76 da 63. Cikin 'yan wasansa akwai Anas Mahmoud, wanda ya yi shekara huɗu a Jami'ar Louisville kafin ya komo gida, shi aka zaɓa gwanin tsaron baya na gasar. Mu ma ba a bar mu a baya ba. Amida Brimah, haifaffen Ankara, yana cikin waɗanda suka ci kofin jami'o'in Amurka da Jami'ar Connecticut cikin 2014. Amma kada yaro ya ruɗu. Waɗanda ke cin abinci da ƙwallo kaɗan ne ƙwarai, gwiwa kuwa ta kan gaji tun mutum na saurayi. Takardar shaidar karatu ita ce guzurin da ke saura.

Ba za mu ɓoye muku ba, a Zamalek akwai otal-otal da shaguna masu lasin sayar da giya. Har a ƙasar a ke matsar ruwan inabi mai sa maye, sana'ar da wani Bagirke, Nestor Gianaclis, ya kafa a kusa da Iskandariya. Amma abin shan yawancin gidaje shayi ne da ruwan rake da karkade. Karkaden nan kuwa ba wani abu ba ne illa zoɓorodonmu, wanda a Gana a ke ce wa sobolo.

Sa'an nan sai na'urori. A dā uwargida kan zuro kwando da igiya daga bene, mai kayan miya ya zuba mata, har yanzu ma a kan ga haka a wasu unguwanni. Yau kuwa da waya a ke yin odar abinci, yaro a kan babur ya kawo har ƙofa. Da wayar kuma samari ke kallon wasan jami'o'in Amurka a watan Maris, sau da yawa cikin tsakar dare, don agogon Masar ya riga na can da sa'o'i da dama. Amfaninta a fili ya ke. Illarta ita ce a zauna tabarma ɗaya, kowa ya sunkuya kan tasa, jika bai ji labarin kakansa ba.

To, ina ruwanmu da hutun masu kuɗin Masar? Ruwanmu shi ne 'ya'yanmu. Mu 'yan kasuwa ne, da yawanmu ba mu rufe rumfa ko wace rana, sai mu fita yara na barci, mu komo suna barci. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da bai ga ubansa ba kuwa, titi da waya su za su yi masa tarbiyya.

Abu biyu mu ke roƙo, ba su bukatar dukiyar Zamalek. Na ɗaya, kowane magidanci ya ware cin abinci ɗaya a mako, shi da iyalinsa duka, a ajiye wayoyi gefe, tasa ce ta farko. Na biyu, sarakunanmu da dattawa su dubi filayen da suka rage a zango kafin a gine su, a keɓe ɗaya don yara, kamar yadda aka yi a Gezira. Daɓe da ƙarfe biyu da zobe biyu sun isa, da sharaɗin sai mai zuwa makaranta zai taɓa ƙwallo. Muna fata a tattauna wannan a taro mai zuwa.

Allah ya shirya mana zuriya, amin.