Famfon Da Ke Taya Zuciya Aiki

Idan zuciya ta gaza, tana ci gaba da bugawa, sai dai ƙarfin tura jini zuwa sassan jiki ya ragu. Ruwa yakan taru a huhu da ƙafafu, mutum ya riƙa haki daga ɗaki zuwa banɗaki, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai ya jera matasai a bayansa. A asibitocin Abuja, irin su Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, hawan jinin da aka yi wa riƙon sakainar kashi ne kan gaba wajen kai mutane wannan hali.

Yawancin majinyata magani na riƙe su shekaru. Wasu kuwa sukan kai matakin da ƙwaya da allura ba sa wadatarwa. Tun 1967 aka fara dashen zuciya a Afirka ta Kudu, amma zuciyar da za a dasa ba ta samuwa a kan kari. Shi ya sa likitoci suka koma ga wani ƙaramin famfo da ake kira LVAD. Ana tsaga ƙirji a maƙala shi a ƙasan ɓangaren hagu na zuciya, ya riƙa zuƙo jini yana aika shi babbar jijiyar da ke raba shi ga jiki. Wata waya kan fito ta fatar ciki zuwa na'urar sarrafawa da batura, waɗanda majinyaci ke ratayawa duk inda zai je. Da yake jinin na gudana ne babu tsayawa, sau da yawa ko an taɓa wuyan hannunsa ba a jin bugu, alhali yana zaune ana hira da shi. Tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya rayu da irinsa daga 2010 har aka yi masa dashe a 2012.

Ga mazaunin Abuja, tsadar aikin ba ita kaɗai ce matsala ba. Famfon ba ya jure yankewar wuta, don haka dole gida ya kasance da janareta ko sola da baturan ajiya. Mai shi zai dawwama kan maganin tsinka jini, warfarin, da gwajin jini a kai a kai; in maganin ya yi yawa a samu zubar jini, in ya yi kaɗan jini ya daskare ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wurin da wayar ta fito kuma kullum yana buƙatar tsafta, don ƙwayoyin cuta ta nan suke shiga.

Saboda haka, iyalin da ke shirin kai majinyaci Indiya ko wata ƙasa don a saka masa famfon su fara tambaya tun kafin a sayi tikiti: wane likitan zuciya ne zai riƙa duba shi da na'urar bayan an dawo gida?