Al-Khawarizmi da Lissafin Rabon Gado

Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya wallafa littafinsa Al-Jabru wal-Muƙabala a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun (813–833 Miladiyya). Jabru shi ne mayar da abin da aka ɗebe zuwa ɗaya ɓangaren lissafi. Muƙabala kuwa soke abin da ya zo daidai a ɓangarorin biyu. Ya keɓe kaso mai tsoka na littafin ga mas'alolin gado, yana nuna yadda ake fitar da rabon kowane magaji idan wasiyya ko bashi ya shiga dukiyar mamaci. Ke nan lissafi hadimin fiƙihu ne: ɗalibin da ya raina shi yana iya tauye haƙƙin maraya, ko da ya haddace matani.