Daga kallon katun zuwa rubutun insha'i: abin da muka gani a Birnin Kebbi da Argungu

A dogon hutun da ya gabata, mu huɗu 'yan jami'a muka yi shawarar yi wa ƙannenmu na sakandare darasin hutu a wata makaranta da ke cikin garin Birnin Kebbi. Ranar farko muka raba musu takarda mai ɗauke da gajeren labari cikin Ingilishi, da tambayoyi biyar a ƙasansa. Aji ya yi tsit. Da muka karɓi takardun, sai muka tarar yawancinsu sun kwafo layukan labarin ne yadda suke, sun dasa su a gurbin amsa. Wasu kuwa sunansu kawai suka rubuta.

Da aka fita shan iska, sai muka ga yaran nan sun yi cincirindo ƙarƙashin dogon yaro, sun kewaye wayar ɗaya daga cikinmu suna kallon Tom and Jerry. Gardama ta kaure a kan dalilin da ya sa kyanwar ta yi lamo kamar tana barci. Wani yaro da bai amsa tambaya ko ɗaya ba a aji shi ne ya warware musu: ya ce ai tarko ta ɗana, ku dubi idonta ɗaya a buɗe yake. Babu wanda ya faɗa masa haka, domin a fim ɗin ba a magana. Alama ya gani, ya haɗa da abin da ya wuce, ya fitar da ma'ana. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da tambayar auna fahimta take nema, kuma shi ne muka yi zaton bai iya ba.

Inda gizo ke saƙar

A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun yi bayanin cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Ta farko iya karanta kalmomin da ke kan takarda. Ta biyu iya gane abin da zance yake nufi. Idan ɗaya ta gurgunce, tafiya ba ta yiwuwa. Da yawa daga cikinmu da muka taso da Hausa a gida, muka haɗu da Ingilishi a makaranta, muna gane labari sarai idan an ba mu shi da harshenmu. Baƙin kalmomi ne suke tare mana hanya, har mu ɗauka kanmu ne ba ya ja.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga ɗan aji shida. A jarrabawar Ingilishi ta WAEC, takarda guda ta ƙunshi insha'i mai kalmomi kimanin 450, da auna fahimta, da taƙaitawa. Wanda bai samu kiredit a Ingilishi ba, ko da ya ci sauran darussa, shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Jami'ar Jiha da ke Aliero zai yi masa wuya. Kusan kowannenmu ya san wani yaya ko wata yaya da ta zauna shekara guda a gida saboda wannan takarda ɗaya.

Amfanin katun shi ne yana cire nauyin kalmomi na ɗan lokaci, ɗalibi ya horar da tunaninsa a kan labari, sannan a dawo da kalmomin a hankali.

Kuskurenmu na farko

Washegari muka zo da ɗoki, muka kunna musu dogon fim a kwamfutar tafi-da-gidanka. Yara sun ji daɗi, mu ma mun ji. Amma lokacin darasi ya ƙare ba a kai rabin fim ba, cajin kwamfuta ya kusa ƙarewa, ga shi babu wuta, kuma ba wanda ya rubuta ko harafi. Wani dattijo da ya zo ɗaukar jikarsa ya leƙo ta taga, ya tambaye mu cikin raha ko gidan kallo muka buɗe. Kunya ta kama mu, domin gaskiya ya faɗa.

Daga ranar muka kafa wa kanmu doka: fim kada ya wuce minti bakwai, kuma lokacin rubutu ya ninka na kallo sau uku. Muka zaɓi wani gajeren fim mai suna Piper, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2016, ya kuma ci kyautar Oscar a 2017. Tsawonsa minti shida ne, babu magana ko ɗaya a cikinsa. Labarin wata 'yar tsuntsuwa ce ta bakin teku da uwarta ta daina ba ta abinci a baki, ta nuna mata ta je ta nema da kanta. Da ta je, igiyar ruwa ta bi ta kanta ta jiƙa ta sharkaf, tsoro ya kama ta. Daga baya ta lura da yadda ƙananan ƙaguwoyi suke nutsa jikinsu cikin yashi idan ruwa ya taho. Ta gwada, ta buɗe ido a ƙarƙashin ruwa, ta ga inda abinci yake, har ta zama tana samo wa 'yan uwanta.

Matakai biyar da muka bi

Da farko a kalli fim ɗin gaba ɗaya ba tare da tsayawa ba, ba biro a hannu.

Na biyu, a sake kallo ana tsayarwa. Duk inda aka tsaya, kowa ya rubuta jimla ɗaya kan abin da ya faru da kuma dalilinsa. Idan fim ne da ba a taɓa gani ba, ana iya soma wa da wannan mataki, a ce kowa ya yi hasashen abin da zai biyo baya, ya kawo hujja.

Na uku, tambayoyi iri uku. Akwai wadda amsarta ke fili: me ya jiƙa tsuntsuwar? Akwai wadda sai an yi tunani: me ya sa uwar ta ƙi ba ta abinci alhali tana ganin tana jin yunwa? Akwai kuma ta ra'ayi: shin uwar ta kyauta? Da yawa daga cikin tambayoyin auna fahimta na jarrabawa irin waɗannan ne.

Na huɗu, a raba shafi gida shida. A kowane gida a yi ɗan zane, ko da na kara da kiyashi ne, a rubuta jimla ɗaya tak a ƙasa. Sharaɗin shi ne wanda bai kalli fim ɗin ba ya karanta jimlolin shida ya gane labarin. A nan ne gardama take zafi, domin dole a jefar da wasu abubuwa masu daɗi a riƙe masu muhimmanci. Da aka gama, muka gaya musu cewa taƙaitawa ke nan suka yi, wadda a jarrabawa ake cewa a amsa cikin jimloli ƙididdigaggu.

Na biyar, insha'i. Wasu suka ba da labarin da bakin uwar tsuntsuwar. Wasu suka rubuta wasiƙa daga 'yar tsuntsuwar zuwa ga ƙaguwar da ta koya mata dabara. Wasu suka yi muhawara kan ko tsoro yana da amfani. Muna bari a fara da Hausa, domin tunani ya fito a miƙe, sannan a sake rubutawa da Ingilishi. Duk kalmar da ta gagara, a ja mata layi, a nemo ta a ƙamus, a shigar da ita bayan littafi. Kalmar da mutum ya nema don yana buƙatarta ta fi zama a kai fiye da wadda aka ba shi ya haddace.

Yaran Argungu sun ƙure mu

A mako na uku ɗaya daga cikinmu, wanda ɗan Argungu ne, ya ja mu garinsu muka maimaita darasin da ƙannensa da abokansu a zauren gidansu. A can fim ɗin ya samu waɗanda suka fi mu sanin ruwa. Wani yaro ɗan gidan masunta ya ce shi ma haka aka yi masa ranar da aka fara koya masa iyo: ya sha ruwa, ya yi kwana uku bai kusanci gulbi ba. Muka ce to rubuta wannan. Ya cika shafi biyu, kuma a cikin duk takardun da muka duba a hutun nan babu wadda ta kai tasa rai.

Wata yarinya kuma ta yi mana tambayar da ta tsaya mana a zuciya. Ta ce, “Yaya, mi ya hana a yi katun na Matan Fada?” Muka dubi juna. Ga gari da ke da bikin kamun kifi tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar da ta ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi. Ga biki da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Ga dubban masunta da gora da homa suna rugawa cikin ruwa lokaci guda, ga tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa, ga Sarkin Ruwa. Ga kuma Gidan Tarihi na Kanta a tsakiyar gari, da labarin Muhammadu Kanta da birninsa na Surame tun ƙarni na 16. Wane labari ne ya fi waɗannan?

Muka gaya mata abin da muka sani: kowane katun da rubutu yake farawa. Kafin a zana komai, sai wani ya zauna ya rubuta labarin, an raba shi gida-gida kamar yadda suka yi a shafinsu. Kuma ba sai Turawa ba. Bino and Fino ɗan Najeriya ne, Adamu Waziri, ya ƙirƙiro shi a Abuja. Akili and Me daga Tanzaniya ya fito, an kuma juya shi zuwa Hausa. Ranar ba mu kalli komai ba. Suka rabu rukuni uku, kowanne ya tsara gida shida na labarin wani yaro da ya shiga su karo na farko, ya yi arba da giwan ruwa da ya kusa kai shi girma.

Ga iyaye da malamai

Damuwar dattijon nan da ya leƙo ta taga tana da tushe. Yaro yana iya wuni a gaban waya bai ƙaru da komai ba, kuma ba kowane katun ne ya dace da tarbiyyarmu ba. Don haka babba ya fara kallon fim shi kaɗai daga farko har ƙarshe kafin ya nuna wa yara. A sauko da shi sau ɗaya a ajiye a waya, ba sai an riƙa ƙona data kullum ba, kuma hakan yana hana tallace-tallace da wasu bidiyoyi faɗowa. Idan babu majigi, waya ɗaya ta ishi mutum biyar. Sauran su riƙa zana gidajensu kafin layi ya zo kansu.

Sannan katun ba ya maye gurbin littafi. A zauren jarrabawa babu katun, rubutu ne da kai. Shi ya sa a makon ƙarshe muka ajiye waya, muka ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, muka karanta labari ɗaya, muka bi matakan nan biyar a kansa: tsayawa, hasashe, tambayoyi iri uku, gida shida, insha'i. Bayan haka muka dawo da takardar Ingilishin nan ta ranar farko. Ba za mu ce kowa ya ci duka ba. Kurakuran nahawu suna nan, mako huɗu ba ya gyara abin shekaru. Amma kwafar layi ta ragu ƙwarai, kuma yaron nan na ƙarƙashin dogon yaro ya amsa biyar ɗin da kalmominsa.

Aikin wannan mako

Ƙannenmu, ga abin da za ku gwada kafin fitowa ta gaba. Ku nemi izini a gida, ku zaɓi katun ɗaya da bai wuce minti bakwai ba. Ku kalla sau biyu. Ku raba shafi gida shida, ku rubuta jimla shida. Sannan ku ba da labarin da bakin wanda aka ci da yaƙi a cikinsa, da Hausa, ku sake da Ingilishi. Wanda babu waya a gidansu kada ya damu: ya roƙi kaka ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya bi matakan nan a kanta. Ranar Litinin ku kai wa malamin Hausa ko na Ingilishi ya duba muku da jan biro.