Tabon huhu: gaskiyar rawar ƙwayoyin cuta da jita-jitar da ake yaɗawa

Dattijo ya shekara yana busasshen tari, ya kai ga in ya taka daga gida zuwa masallaci sai haki. An auna kakinsa sau biyu, babu tarin fuka. A nan shawarwari kan yi yawa: a ware masa kofin shan ruwa, a sayo masa Septrin a kemis, a ba shi maganin da ke kwantar da kumburi. Idan tabon huhu ne ke damunsa, irin wanda ba a gano sanadinsa ba, babu ɗaya daga cikinsu da za ta taimake shi, ta ukun ma tana iya kashe shi.

Lafiyayyen huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska masu siririn bango, ta inda iska ke ratsawa cikin jini. A wannan ciwo bangon ne ke yin tabo, ya yi kauri, ya ƙandare. Ƙurar dutse na jawo shi, tarin fuka na barin nasa tabon, har ƙurar kashin tantabara da gashinta na yi wa wasu masu kiwo. Akwai kuma nau'in da ba a gano sanadinsa ba, wanda likitoci ke kira IPF, ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, musamman maza da masu shan taba. A kansa aka fi yin binciken da zan kawo.

Masu cewa akwai ƙwayoyin bakteriya a huhun mai wannan ciwo sun yi gaskiya. Suna nan a huhun kowa ma. Da can littattafan likitanci na koyar da cewa huhu mai lafiya fes yake, sai a wajajen 2010 sababbin hanyoyin gwajin ƙwayar halitta suka rushe wannan fahimta. Yawancinsu daga baki suke gangarawa tare da yawu, galibi cikin barci, majina da ƙwayoyin garkuwar jiki kuma su riƙa share su. A 2014, masu bincike a asibitin Royal Brompton da ke Landan sun gano cewa bakteriyar huhun masu IPF ta kai kusan ninki biyu ta lafiyayyu, kuma waɗanda tasu ta fi yawa sun fi saurin taɓarɓarewa. A shekarar dai, wani bincike a Amurka ya danganta wasu nau'o'in Streptococcus da Staphylococcus da saurin ci gaban ciwon.

Ga yadda masana ke fassara abin. Huhun da ya yi tabo ba ya iya share kansa sosai, sai ƙwayoyin su taru. Garkuwar jiki ta taso musu, ta saki sinadaran kumburi, waɗanda ke ƙara raunata bangon jakunkunan, su kuma zaburar da ƙwayoyin da ke ɗinke rauni. Ɗinkin ya wuce kima, tabo ya ƙaru, shara ta ƙara wuya. Wannan bai mai da ciwon abin ɗauka ba. IPF ba ya yaɗuwa ta tari ko ta kwano ɗaya, don haka ware majiyyaci zalunci ne kawai. Inda aka ga ya bi dangi, gado ne.

To, tunda ƙwayoyin na da hannu, me zai hana a kashe su? Tambaya ce mai ma'ana, kuma an gwada. A Birtaniya an yi gwaji da majiyyata 342, aka ba wasunsu maganin da muka sani da Septrin na tsawon lokaci, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba. Wani gwajin a Amurka mai mutum 513, da Septrin ko doxycycline, ya ƙare da irin wannan sakamako a 2021. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na da wurinsa idan limoniya ta kama majiyyaci, amma ba ya goge tabo.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne batun danne garkuwar jiki. Shekaru da dama likitoci da kansu suna ba masu IPF haɗin prednisone da azathioprine da wani magani na uku, bisa zaton kumburi ne tushen matsalar. Da aka gwada haɗin a Amurka, dole aka dakatar da shi a 2011: mutum 8 suka rasu cikin masu shan sa, mutum 1 cikin waɗanda ba su sha ba. Ga shi a nan ana sayen prednisolone, ɗan'uwan prednisone, a kemis ba takardar likita. Akwai nau'o'in tabon huhu da yake yi wa amfani, irin na masu tantabara, sai dai likita ne ke bambance su.

Cikin magungunan da aka tabbatar akwai pirfenidone da nintedanib, waɗanda Amurka ta amince da su a 2014. Suna rage saurin lalacewar huhu, ba sa mayar da abin da ya riga ya ƙandare. Shi ya sa gano ciwon da wuri ke da muhimmanci.

Jama'a, wanda tarinsa da hakinsa suka ɗauki watanni, gwajin tarin fuka kuma bai nuna komai ba, a kai shi wurin likitan ƙirji a yi masa hoton CT da awon numfashi. Ya bar taba, ku kuma ku ci gaba da cin abinci tare da shi.